Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, sai ƙuraje: yadda ake gane cikungunya a fata da abin da ake yi mata

"Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 14 zazzaɓi ya rufe ta farat ɗaya, wuyan hannu da idon sawu suka riƙe har ba ta iya taka ƙasa sosai. An yi gwajin maleriya ba a ga komai ba. A kwana na uku wasu ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso mata a ƙirji da hannuwa. Ma'aikacin lafiyar da ya duba ta ya ce da alama cikungunya ce, wai sauro ke kawo ta, ni ko sunan ban taɓa ji ba. Yau kwana 12 ke nan, ƙurajen sun kwanta, amma karan hancinta ya yi baƙi, tafin hannunta kuma yana saɓa. Jiya ƙanenta mai shekara 6 shi ma ya tashi da zazzaɓi. Ta yaya zan gane ko ita ce, me zan shafa musu, kuma baƙin nan zai tafi? Akwai sauran ibufurofen da aka ba yayarsa, zan iya ba shi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jinya, Allah ya ba su lafiya. Kina son sanin yadda ake gane ƙurajen wannan cuta, da abin da ake yi musu, da makomar baƙin da ya fito wa yarinyar a hanci. Duk zan zo kansu. Amma tambayarki ta ƙarshe ce ba ta jira, don haka da ita zan fara: kada ki ba yaron ibufurofen ɗin nan, haka ma asfirin da diklofenak. Farasitamol kaɗai, da ruwa mai yawa, sannan a kai shi gwajin maleriya yau, ko da na yayarsa bai nuna komai ba. Dalilin hana waɗancan magunguna shi ne akwai wata cutar mai suna dengi, sauro iri ɗaya ke yaɗa su, kuma a kwanakin farko ko likita ba ya iya raba su da ido. Dengi tana rage ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini, waɗannan magungunan kuma suna ƙara tsananta zubar. Ita yarinyar da zazzaɓinta ya riga ya wuce, ba laifi a ba ta shi saboda gaɓoɓi idan likita ya ga ya dace. Shi kuwa da yake a kwana na biyu, hukuncinsa daban ne.

Tsohuwar cuta ce, yaɗuwarta ce sabuwa

An fara gano cikungunya a kudancin Tanzaniya a shekarar 1952. Sunan daga harshen mutanen Makonde ya fito, yana nufin abin da ke tanƙwara mutum, saboda yadda mai ciwon ke tafiya a duƙe kamar tsoho. Ta yi shekara hamsin tana ɓulla jefi-jefi a Afirka da Asiya ba a cika kula ta ba. Daga 2004 ne ta yi ƙafa. Ta tashi a gaɓar tekun Kenya, ta tsallaka tsibiran Tekun Indiya, a tsibirin Riyuniyon ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna wurin tsakanin 2005 da 2006, ta shiga Indiya ta kwantar da fiye da mutum miliyan ɗaya. A 2007 ta ɓulla a arewacin Italiya, a ƙarshen 2013 ta isa tsibiran Karibiyan, daga nan ta bazu a nahiyar Amurka. A 2025 ta sake tasowa a Riyuniyon, ta kuma kama dubban mutane a birnin Foshan na kudancin ƙasar Sin. Saboda haka rashin jin sunanta ba abin mamaki ba ne, yawancin mutane ba sa jin sa sai ranar da ta shigo musu gida.

Ƙwayar cutar bairas ce, sauron da ke ɗauke da ita kuma ba na maleriya ba ne. Sunansa Aedes, ɗan ƙarami ne baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma gab da faɗuwar rana. Ƙurajen kansu ba sa yaɗa cutar. Taɓa yarinyar, ko kwana ɗaki ɗaya da ita, ko cin abinci tare ba zai sa wa kowa ba. Idan ita ce ta kama ƙanenta, to sauro ne ya yi musu dillanci.

Yadda ƙurajen suke

Abu na farko da nake tambayar mai jinya ba kamannin ƙurajen ba ne, ranar da suka fito ce. A cikungunya ƙuraje ba su ne ke fara zuwa ba. Kamar kwana uku zuwa bakwai bayan cizon, zazzaɓi mai zafi ke rufe mutum lokaci guda, sau da yawa ya haura digiri 39, tare da ciwon gaɓoɓi hagu da dama: wuyan hannu, yatsu, idon sawu, gwiwa. Ƙurajen sai kwana biyu zuwa biyar bayan fara zazzaɓin, kuma kusan rabin masu cutar ne kawai ke samun su. Don haka idan yaronki bai yi ƙuraje ba, wannan bai wanke shi ba.

Ƙanana ne, wasu a shafe suke da fata kamar tabo, wasu sun ɗan taso kamar an watsa yashi. Sun fi son ƙirji, ciki, baya, hannuwa da ƙafafu, wani lokaci su kai fuska da tafin hannu da tafin ƙafa. Wasu suna jin ƙaiƙayi, wasu ba sa ji. Cikin mako guda sukan kwanta, daga nan fata ta shiga saɓa, musamman tafin hannu da na ƙafa. Bayanin da kika yi na yarinyarki ya bi wannan tsari tiryan-tiryan.

Akwai wani gyara da aiki ya koya mini wanda ban samu a aji ba. Littattafan da muka karanta duk "jajayen ƙuraje" suke cewa, domin yawancin hotunan cikinsu na farar fata ne. A baƙar fata jan ba ya fitowa. Abin da za ki gani shi ne wurin ya ɗan fi sauran jiki duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko kuma ba za ki ga komai ba sai kin shafa kin ji gurza-gurza. Ni da hannu nake fara dubawa kafin ido. Ki kai yaron bakin taga da rana, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, ki shafa ƙirjinsa da bayansa da tafin yatsunki, ki duba cikin damtse inda fata ta fi haske, da tafin hannu, da cikin baki. Da dare kuwa, idan kika haska tocila daga gefe maimakon kai tsaye, ƙurajen da suka taso sukan yi inuwa su bayyana.

Jarirai nasu ya bambanta. Su cutar na iya fito musu da ƙuraje masu ruwa, manya, su fashe fata ta saluɓe kamar ƙuna, kuma wannan na asibiti ne ba na gida ba. Manya kuma wasu sukan sami 'yan gyambuna masu zafi a cikin baki, hammata, matse-matsi ko al'aura. Na sha ganin magidanci ya ɓoye wannan har ya ruɓe, don kunya da zaton ciwon sanyi ne, alhali daga zazzaɓin ne, kuma da an tsabtace shi da wuri da ya warke cikin mako biyu.

Kama da wane ba ta wane

Ki riƙe wannan da kyau: maleriya ba ta kawo ƙuraje. Duk zazzaɓin da ya zo da ƙuraje, ko da gwajin maleriya ya nuna akwai ta, to akwai wani abu tare da ita, ko wata cutar ko maganin da aka sha.

Dengi ce babbar abokiyar kamanni, kuma ta fi cikungunya kisa. A 2024 an ba Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton mutum fiye da miliyan 14 da suka kamu da ita, adadin da ba a taɓa gani ba. Ciwonta ya fi zama a bayan ido, a kai, a tsoka da ƙashi, ba a gaɓoɓi kaɗai ba. A kwana ɗaya ko biyu na farko fuska da wuya sukan yi zafi su ɗan kumbura, daga baya ƙurajen su haɗe su zama shimfiɗa guda, da 'yan wurare na lafiyayyar fata tsilli-tsilli a tsakiya. Abin tsoronta shi ne ƙananan ɗigo kamar kan allura, waɗanda jini ne ya tsattsafo a ƙarƙashin fata.

Ga gwajin da za ki iya yi da kanki. Ki samu kofin gilashi garai-garai, ki danna gefensa a kan ƙurajen, ki duba ta cikinsa. Idan suka dushe ko suka ɓace a ƙarƙashin gilashin, jijiyoyin jini ne kawai suka buɗe, irin na yawancin cututtukan bairas. Idan suka tsaya ƙyam ba su sauya ba, jini ne ya fita daga jijiya. Yaro mai zazzaɓi da irin wannan ɗigo ba a kwana da shi a gida, domin ko dengi ce mai tsanani, ko ƙwayar sanƙarau ce ta shiga jini, ita kuwa wannan cikin sa'o'i take aikinta. A baƙar fata gwajin ya fi fita a tafin hannu, tafin ƙafa da cikin damtse, ki kuma ja fatar ido ta ƙasa ki duba ko akwai ɗigon a ciki.

Zika ita ma wannan sauron ne. An gano ta a wani daji na Yuganda a 1947, duniya ta san ta bayan ta ɓarke a Burazil a 2015. Zazzaɓinta mara ƙarfi ne, wani lokaci babu shi sam, ƙurajen ne kan gaba: su fito da wuri, su fara daga fuska su gangaro, da ƙaiƙayi mai tsanani, ido ya yi ja ba tare da kwantsa ba. Ga yaro ba ta cika zama abin damuwa ba. Haɗarinta na kan mai ciki ne, domin tana iya hana ƙwaƙwalwar ɗan tayi girma. Idan akwai mai juna biyu a gidan, duk zazzaɓi ko ƙurajen da ta yi ta je awo ta faɗa, ko da tana jin ƙarfinta. Ita cikungunya ma, idan ta kama mace ana gab da haihuwa, tana iya wucewa ga jariri ta yi masa tsanani a makonsa na farko.

Ƙyanda tana zuwa da tari, mura da jan ido kwanaki kafin ƙuraje, su kuma su fara daga bayan kunne da goshi su sauko. Idan yaron bai cika rigakafinta ba, a sa ta a lissafi. Ƙarambau ƙurajensa masu ruwa ne, suna fitowa kashi-kashi, wasu na bushewa wasu na fitowa. Borin jini kuwa taswira yake yi, ya taso nan ya ɓace cikin sa'o'i ya koma can.

Wanda na fi jin tsoron a rasa shi ne ƙurajen magani. Akwai wani mutum da aka taɓa kawo mini lokacin da zazzaɓi mai ƙuraje ke yawo, danginsa sun riga sun yanke cewa cutar da ake fama da ita ce. Leɓɓansa sun fashe sun yi ɓawon jini, idanunsa sun manne, fatarsa kuma zafi take yi idan an taɓa, ba ƙaiƙayi ba. Da na ce a nuna mini abin da yake sha, sai aka zaro wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, mai sinadarin salfa wanda ya fara fiye da mako guda kafin nan, kuma har safiyar ranar yana shan sa da nufin ya warkar da ƙurajen. Ya kwanta makonni kafin ya tashi. Tun daga ranar ba na duba fatar mai zazzaɓi sai na ga kwalayen magungunansa. Idan ƙuraje suka zo da gyambon leɓe, ido ko al'aura, ko fata ta fara saluɓewa, a dakatar da duk sabon magani a tafi asibiti da kwalayen a hannu.

Abin da za a shafa, da abin da za a bari

Babu maganin da ke kashe ƙwayar cikungunya, jiki ne ke gamawa da ita, ƙurajen kuma da kansu suke tafiya. Aikinki shi ne rage ƙaiƙayi da hana susa ta buɗe fata. Wanka da ruwa mai ɗan ɗumi ko mai sanyi-sanyi, sabulu mara turare, a tsane jiki da tawul ba a goge ba. Kalamin, wato ruwan maganin ƙaiƙayi na shafawa, ya isa ga ƙurajen da ba su fashe ba, sau biyu ko uku a rana. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a ɗora minti goma, yana kwantar da ƙaiƙayi fiye da yadda ake zato. A yanke farce, a sa tufafin auduga marasa matsewa. Idan ƙaiƙayin ya hana barci akwai maganin sha irin su sitirizin, ko Piriton da dare domin yana sa barci, amma ma'aikacin lafiya ya auna wa yaro gwargwadon shekarunsa. Tafin hannun yarinyar da ke saɓa basilin zalla za ki shafa mata safe da dare, kada ta riƙa ɓantarar fatar.

Farasitamol na yara da nauyi ake auna shi: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, bayan kowace awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Yaro mai kilo 20 ke nan zai sha miligiram 200 zuwa 300. Ki duba magungunan mura na ruwa, da yawansu akwai farasitamol a ciki, kada a ninka ba a sani ba.

Abin da za a bari ya fi yawa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa bairas, sai dai ya ƙara wata ƙofar ƙuraje. Man shafawar nan masu haɗi uku ko huɗu a bututu ɗaya, akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu, yana sirantar da fatar yaro, musamman ta fuska. Sifirit, lemon tsami, da zuba maganin wanke ciwo mai kauri a ruwan wanka duk ƙona fatar suke yi, tabon da suke bari kuma ya fi na cutar daɗewa. Ƙurji mai ruwa ba a fasa shi. Idan kika ga mugunya, ko ɓawo mai ruwan zuma, ko wuri ya kumbura ya yi zafi yana faɗi, to susa ta shigar da wata ƙwayar, nan ne maganin kashe ƙwayoyin cuta ke da aiki, kuma likita ne zai rubuta.

Baƙin hanci

Wannan zai tafi, in sha Allahu. Likitocin fata a Indiya ne suka fi bayyana shi bayan ɓarkewar 2006, har ya zama alamar da suke gane cewa zazzaɓin da mutum ya yi a baya cikungunya ce. Kumburin da cutar ta tayar ne ke zuga ƙwayoyin da ke ba fata launi su yi aiki fiye da kima, shi ya sa ya fi fitowa ga masu duhun fata, kuma yakan bayyana ne lokacin da ake murmurewa. Wasu a hanci kaɗai, wasu har kumatu kamar an yayyafa, wasu a yatsu. Ba alamar cutar na nan a jiki ba ce. Yakan dushe cikin makonni, wani ya ɗauki 'yan watanni. Rana ce ke ƙara masa duhu, don haka ta rage tsayuwa cikinta, ta shafa man kare fata daga rana idan da hali. Ki ja mata kunne sosai kan man bilicin, don a shekarunta ƙawaye ba za su rasa ba ta shawara ba. Zai haskaka gefen wurin ya bar tsakiya, daga baya ya jawo baƙin da ba ya fita. Idan wata uku ya wuce bai ragu ba, ta ga likitan fata. Kada kuma ki firgita idan bayan wata biyu ko uku gashinta ya riƙa zuba, kowane zazzaɓi mai zafi na iya yin haka, kuma yana komawa.

Ni dai, gaɓoɓinta zan fi sa wa ido fiye da hancin. Ciwon gaɓoɓin cikungunya yakan yi watanni ga wasu, ya tafi ya dawo, ko da yake ya fi naci ga manya da tsofaffi. Ta riƙa motsa su a hankali kullum, kada ta kwanta ta bar su su sandare. Idan ya haura wata uku, ko gaɓa ta kumbura, a koma wurin likita.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Gani ya kori ji, ni kuwa ban ga yaran nan ba. Ko da na gan su, fata ba ta yanke hukunci tsakanin cikungunya, dengi da Zika, sai jini. A makon farko ana neman ƙwayar cutar kanta da gwajin PCR, ita dengi kuma akwai gwajin NS1 mai sauri, waɗannan su ne na yaron. Bayan mako guda ƙwayar ta bar jini, sai a nemi garkuwar da jiki ya haɗa, wato IgM, wannan shi ne na yarinyar. Inda babu waɗannan gwaje-gwaje, ƙidayar ƙwayoyin jini kaɗai tana taimakawa, musamman idan an maimaita ta bayan kwana ɗaya ko biyu an ga inda ta dosa. Ki rubuta ranar da zazzaɓin yaron ya fara, idan ƙuraje suka fito ki ɗauki hotonsu kullum da hasken rana, domin sau da yawa kafin a kai ga likita sun sauya kama.

A wannan makon jinin yaron na iya ɗauke da ƙwayar, duk sauron da ya cije shi zai kai wa wani. Ya kwanta cikin gidan sauro har da rana. Man korar sauro mai sinadarin DEET a shafa a lafiyayyar fata kaɗai, ba kan ƙuraje ba, ba kuma a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba. Wannan sauron ba ya nisa, a ruwa mai tsabta da ke kwance kusa da mutane yake ƙwai: tsohuwar taya, gwangwani, faranti na ƙarƙashin tukunyar fure, ganga mara murfi. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo mako ɗaya ne zuwa kwana goma, don haka sau ɗaya a mako a zubar, a kuma goge cikin mazubin da soso, domin ƙwan yana manne a bango ya jure bushewa na watanni. An amince da alluran rigakafin cikungunya guda biyu, ɗaya a ƙarshen 2023 ɗaya a 2025, amma ba a yi wa yaran da ba su kai shekara 12 ba. Yarinyar kuwa, idan ita ce ta yi, da wuya ta sake kama ta.

Kwanakin da nake so ki fi buɗe ido su ne na uku zuwa na bakwai, musamman ranar da zazzaɓin yaron ya sauka. A cikungunya saukar zazzaɓi sauƙi ne. A dengi kuwa nan ne haɗarin ke farawa, daidai lokacin da iyaye suka saki jiki. Idan jikinsa ya yi sanyi amma ya koma ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko haɓo, ko dasashi na jini, ko baƙin bayan gida, ko hannu da ƙafa suka yi sanyi ƙalau, ko ya yi laushi ba ya son a tashe shi, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ki ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne.